Tambayi Likita: An Yi Aiki Da Safe, An Sallamo Shi Da La'asar

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan makon, duk daga Sakkwato da kewaye, duk kan jinyar wanda aka yi wa tiyata aka sallame shi a ranar. Likitocin tiyata da na ido da ke aiki da wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi wa maigidana aikin ƙaba ranar Talata da safe, kafin la'asar aka ce mu tafi gida. 'Yan uwansa na cewa ganganci ne. Yau kwana biyar, ƙarƙashin ɗinkin ya yi tauri kamar an shimfiɗa igiya, gabansa kuma ya ɗan kumbura ya yi duhu. Mahaifiyarsa ta ce a riƙa gasa wurin da ruwan zafi. Ɗan kasuwar albasa ne, yana ta maganar komawa. Ina mafita? Daga wata uwargida a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Malam lafiya. Ba ganganci ba ne, Malama. Aikin ƙaba na cikin ayyukan da ake sallamar mutum a ranar, muddin ya farfaɗo sosai, ya sha ruwa bai yi amai ba, ya yi fitsari, kuma akwai babban da zai kwana tare da shi. Sai dai sallama ba warkewa ba ce. Jinyar ce aka maido ɗakinki.

Taurin nan da kike ji a ƙarƙashin ɗinki nama ne ke haɗewa, yakan ɗauki makonni kafin ya saki. Duhun da kumburin kuwa ɗan jinin da ya tsiyaya lokacin aiki ne ya gangara ƙasa, jiki zai shanye shi cikin mako biyu zuwa uku. Ya sa ɗan kamfai mai riƙewa, kada kuma zariyar wando ta hau kan ɗinkin. Abin lura shi ne inda lamarin ya dosa. Ciwon aiki kullum raguwa yake yi. Wanda ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi, musamman daga kwana na uku zuwa na bakwai, shi ne abin tsoro. In wurin ya yi ja yana faɗaɗa, ko yana fitar da mugunya, ko zafin jiki ya kai digiri 38, ko kumburin yana ƙaruwa cikin sa'o'i, ko ciki ya kumbura ga amai ba ya fitar da iska, ko ƙwauri ɗaya ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ku koma asibiti a ranar. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a tafi kemis. A duba mikin tukuna.

Batun gashi, a ba Hajiya haƙuri. Fatar da ke kewaye da ɗinki ba ta jin zafi kamar da, saboda an taɓa ƙananan jijiyoyi, sai mutum ya ƙone bai sani ba. Ruwan kuma yana jiƙa bakin mikin ya hana shi kamawa. Haka nan ba man shanu, ba toka, ba garin kafso da ake farkewa a barbaɗa. Bayan sa'o'i 48 yawanci ana iya wanka: a bar ruwa mai tsabta ya bi ta wurin, kada a cuɗa da soso, a ɗan danna da tawul mai tsabta ya bushe, a sa sabon filasta. A zafin Sakkwato na watan Afrilu gumi kaɗai ya isa ya jiƙa bandeji, to duk lokacin da ya jiƙe a canja shi da wankakken hannu. In zaren da ake cirewa ne, a wannan wurin yakan kai kwana 7 zuwa 10. In mai narkewa ne ba a taɓa shi.

Kasuwa kuma. Zai iya zuwa ya zauna ya yi ciniki bayan mako ɗaya ko biyu in jiki ya yarda. Ɗaukar buhu ne babu, sai bayan mako 4 zuwa 6. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce cif, ita ma ta shiga ciki. Ya bar hawa kabu-kabu a hanya mai gargada na mako biyu. Amma kada ya kwanta kamar gawa: tattaki a tsakar gida sau uku ko huɗu a yini yana hana jini daskarewa a ƙafa, yana kuma motsa hanji. In tari ko atishawa ta zo, ya dafe wurin da matashi. Sallah a zaune ta halatta ga wanda ruku'u da sujada ke yi wa zafi, malamai ba su yi saɓani a kan wannan ba.

Tambaya: An cire wa mahaifina yanar ido jiya. Ya ce shi ba zai bar sujada ba, kuma yana son ya wanke fuska in zai yi alwala. Daga wani ɗalibi a Wurno.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Yankan da ake yi a aikin yana ƙarami ne, sau da yawa ba a ma ɗinke shi, da kansa yake rufewa. Kafin ya rufe, ruwan buta ko na randa na iya shigar da ƙwayar cuta cikin idon kansa, kuma wannan na iya makantar da shi cikin kwanaki kaɗan. Saboda haka aƙalla mako guda ruwa ba zai taɓa idon ba. Ku tambayi malaminku hukuncin shafa a kan bandeji ko taimama, fiƙihu ya yi wa irin wannan tanadi. Sujada kuwa, likitoci da dama kan ce a dakata mako ɗaya zuwa biyu, ya yi nuni da kai; ku bi adadin da wanda ya yi aikin ya faɗa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne maganin ɗigawa. Kai za ka riƙa ɗiga masa. Wanke hannu da sabulu, ja fatar ido ta ƙasa, ɗigo ɗaya tak, kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashin ido. In kwalba biyu ce, bar minti biyar tsakani, in ba haka ba na biyu zai wanke na farko. Kada a daina don ido ya washe. Akan rage shi ne a hankali cikin mako 4 zuwa 6. Ya kwana da murfin roban da ake rufe ido da shi bayan aiki na mako guda don kada ya murza cikin barci, ya sa baƙin tabarau in zai fita, balle lokacin hunturu da ƙura. Tozali da hayaƙin murhu su jira wata guda. Ɗan ƙaiƙayi da jin kamar yashi ba komai. Amma ciwo mai tsanani, ko ganin da ya fara kyau ya koma dishi-dishi, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati. Ku kamo hanyar Sakkwato a ranar, zuwa inda aka yi aikin ko sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Tambaya: An cire mini ƙari a nono. An ba ni parasitamol da ibufurofen, mai kemis ya ƙara mini dikilofenak da tiramadol. Kwana uku ban yi bayan gida ba. Daga wata 'yar uwa a Arkilla.

Amsa: Ajiye na mai kemis, 'yar uwa. Ibufurofen da dikilofenak dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙwaƙule ciki ya wahalar da ƙoda. Tiramadol kuma shi ya ɗaure miki hanji. Parasitamol mai miligiram 500, ƙwaya biyu duk sa'a shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini da dare. Ibufurofen bayan cin abinci, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba ya shan sa. Ki sha ruwa lita biyu zuwa uku, ki ci gwanda, kankana, zogale da miyar kuɓewa. In kwana biyu suka ƙara wucewa shiru, a rubuta miki maganin sassauta ciki. Ki riƙa sa rigar mama mai riƙewa har da dare na mako guda. Sannan ki tambaya ko an kai ƙarin ɗakin gwaji, in an kai ki koma ki karɓi sakamakon ki nuna wa likitan da ya yi aikin, ko da mikin ya warke sarai.