Tambaya da Amsa: Saiwar Bishiya Ta Shiga Tankin Ruwana na Ƙarƙashin Ƙasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da tankin ajiyar ruwa na ƙarƙashin ƙasa wanda aka gina da bulo da siminti, kuma a 'yan watannin nan ruwansa yana raguwa ko da ba a ɗiba ba. Da na haska ciki da fitila, sai na ga siraran saiwoyi sun ɓullo ta wata tsaga a bangon da ke fuskantar bishiyar cediya, wadda take kimanin mita 4 daga tankin. An ba ni shawarar in tsinke su in shafe wurin da siminti. Shin hakan ya wadatar, ko sai na sare bishiyar? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarar da aka ba ka rabin aiki ce, domin saiwar da ka gani a ciki bakinta ne kawai, uwarta tana bayan bango. Saiwa ba ta cika huda lafiyayyen kankare ba. Abin da take yi shi ne ta bi danshin da ke tsattsafowa daga ƙaramar tsaga ko mahaɗar bututu, ta kutsa tana siririya kamar zare, sannan ta riƙa kauri tana buɗa tsagar a hankali. Cediya da danginta, irin su durumi da gamji, sun shahara da wannan, kuma saiwoyinsu kan zarce inda inuwarsu ta tsaya da nisa sosai.

Kafin komai, ina roƙon ka ka ɗauki shiga cikin tankin da matuƙar muhimmanci, saboda rami rufaffe yana iya rasa isasshiyar iskar shaƙa ba tare da wani wari ya gargaɗi mutum ba. A buɗe murfin a bar iska ta ratsa shi sosai, kada kowa ya sauka sai da igiya a ƙugu da mutane a bakin ramin, kuma kada a saukar da janareto ko famfon fetur ciki, domin hayaƙinsu yana kisa cikin mintoci. Ya fi kyau a yi aikin lokacin da ƙasa ta bushe, tun da bangon da ya riga ya tsage yana iya ruftawa idan aka kwashe ruwan ciki alhali jiƙaƙƙiyar ƙasa tana danno shi daga waje.

Gyaran daga waje yake farawa. A tona bayan bangon har a riski inda saiwar ta shiga, a yanke ta da zarto yanka mai kyau, a zare ragowarta duka daga cikin tsagar, domin guntun da aka bari zai ruɓe ya bar wa ruwa hanya. Daga nan sai magini ya faɗaɗa tsagar da guduma da kurfi, faɗi da zurfi kamar santimita 2, ya wanke ƙurar, ya jiƙa wurin, ya cusa kwaɓin siminti kashi 1 da yashi mai tsabta kashi 3 tare da sinadarin hana yoyo wanda aka amince da shi a ruwan sha. A yi haka ciki da waje, a bi da filasta, sannan a riƙa yayyafa ruwa aƙalla kwana 7, don simintin da ya bushe da gaggawa sake tsagewa yake yi. Amma idan bangon ya kumbura, ko gefen tsagar ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko rodi ya bayyana da tsatsa, to abin ya wuce faci, sai injiniyan gini ya duba.

Game da bishiyar, ban ga dalilin gaggawar sare ta ba. A haƙa dogon rami mai zurfin kusan mita 1 a tsakaninta da tankin, kusa da tankin, a kafa shinge na kankare ko roba mai kauri, a mayar da ƙasa. Kada a datse manyan saiwoyin da ke daf da gindinta, domin su ne ke riƙe da ita idan iska ta taso. Haka kuma kada ka yarda a zuba maganin kashe saiwa ko na ciyawa a wurin, saboda tsagar da ta fitar da ruwa tana iya shigo da guba.

Idan faci ya kama, a cika tankin, a zuba garin kulorin (sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa) mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin 100, kimanin giram 75 ga kowace lita 1,000, a bar shi awa 24. A wannan zaman ne za ka gwada aikin: ka yi alama a bango daidai saman ruwan, ka rufe, kashegari ka duba ko ya sauka. Sannan a kwashe wannan ruwan a zubar nesa da shuke-shuke, a ɗauraye, a sake cikawa kafin a fara sha.