Ku Tambayi Likita: Maganin Tiroyid da Maganar Rage Ƙiba

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 38, nauyina kilo 84. An auna jinina aka ce tiroyid ɗina, wato ƙullutun nan da ke gaban wuya, ya yi sanyi, aka ɗora ni a kan maganin Levothyrox mai mikrogram 75. Wata biyar ke nan ina sha. Kasala da yawan jin sanyi sun tafi, TSH ya sauko daga 14 zuwa 2, amma kilo uku kacal na rage. Wata ƙawata ta ce in riƙa shan ƙwaya ɗaya da rabi, wai zan fi saurin ramewa. In yi? Daga wata mai karatu a Bukoki, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yi. Awon da kika kawo ya nuna maganin ya dace da jikinki. TSH sinadari ne a jini da yake hawa in aikin tiroyid ya yi sanyi, ya sauka in ya yi ƙarfi. A mafi yawan ɗakunan awo, TSH na mai lafiya yana tsakanin 0,4 da 4, naki kuwa yana tsakiya. Da wannan awon ake ƙara magani ko a rage shi, sikeli ba shi da ta cewa a nan.

Kilo ukun nan ma ba abin rainawa ba ne, kusan iyakar abin da ake tsammani ke nan. Nauyin da sanyin tiroyid ke ƙara wa mutum galibi kilo biyu ne zuwa biyar, kuma yawancinsa ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe. Shi ya sa fuska da fatar ido da ƙafafu suke kumbura. Da magani ya kama, wannan ruwan ne yake fita. Kitsen da ya taru shekara da shekaru yana nan, kuma hanyar sauke shi ɗaya ce da ta wanda bai taɓa ciwon tiroyid ba: a rage sukari a shayi da fura, a rage mai da yawan shinkafa da taliya, a riƙa tafiyar ƙafa ta rabin awa kamar sau biyar a mako, da sassafe ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi.

Ƙwaya ɗaya da rabi ta 75 ta kama mikrogram 112,5, wato ƙarin rabin abin da kike sha a tashi ɗaya. Likita in zai ƙara, 12,5 ko 25 yake ƙarawa, sannan ya jira mako shida zuwa takwas kafin a sake awo. Jiran yana da dalili: maganin yana ɗaukar kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jini, don haka sai an yi makonni sabon adadi yake zauna da gindinsa. Wanda ya yi awo kwana goma bayan canji ya yi asarar kuɗinsa ne kawai.

In magani ya yi yawa, zuciya ce ke fara biyan bashin: faɗuwar gaba, bugu da sauri ko ba bisa tsari ba, rawar hannu, gumi ko a cikin hunturu, rashin barci, saurin fushi. In aka daɗe a haka ƙashi yana yin rauni, musamman ga macen da ta daina al'ada, kuma bugun zuciya maras tsari yana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Abin takaici, ramar ma ba ta ɗorewa. Yunwa takan ƙaru, wani ɓangare na abin da ya zube tsoka ce, kuma da an koma adadin gaskiya nauyin sai ya dawo.

Ki riƙe abu biyu. In kika dage da gyaran abinci har kika sauke kamar kilo takwas ko goma, ki koma a auna TSH, don buƙatar jiki tana tafiya da nauyinsa, wataƙila a rage miki. In kuwa kika samu juna biyu, kada ki jira ranar awon ciki, ki je wurin likitanki a makon da kika gane, domin buƙatar takan ƙaru da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari tun a watannin farko.

Tambaya: Likita, ban taɓa tsallake maganina na tiroyid ba, ina shan mikrogram 100 kullum da safe tare da shayi da madara, da maganin ƙarin jini da aka rubuta mini. Amma TSH ya hau zuwa 9, ƙiba kuma tana ƙaruwa. A ƙara mini ne? Daga wata malamar makaranta a Tawa.

Amsa: Malama, kafin a yi maganar ƙari sai a gyara yadda ake shan wanda ke hannu. Amsar tana cikin wasiƙarki. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini yana kama maganin tiroyid tun a hanji ya hana shi shiga jini, haka ma kalsiyom na madara. Kina haɗiye 100, amma abin da ke isa jikinki bai kai haka ba.

Ki sha shi da ruwa zalla da kin tashi sallar asuba, ciki ba komai, ki jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin shayi, kafe, koko ko fura. Maganin ƙarin jini ki mai da shi bayan abincin rana, a samu tazarar awa huɗu. Tazarar nan ta shafi ƙwayoyin kalsiyom da farin ruwan maganin ƙwannafi, kuma awara ma gara a nisanta ta da lokacin shan magani. In safiya ba ta yi miki ba, ana iya sha lokacin kwanciya, muddin an yi awa uku da cin abincin dare. Lokacin azumi wannan hanyar ta dare ko kuma awa guda kafin sahur ita ta fi sauƙin riƙewa.

Sai wurin ajiya, wanda mutane ke mantawa da shi. Ana son maganin ya zauna ƙasa da digiri 25, zafin Tawa kuwa a Afrilu da Mayu yana wuce 40. Kada a bar shi a kan taga, ko cikin mota, ko a madafa. A bar ƙwayoyin cikin kwalinsu a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a kuma saya a farmasi, ba wurin masu tallar magani cikin rana ba. In kina shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, ki faɗa wa likitanki, don wasunsu suna sa hanta ta ƙone maganin tiroyid da sauri. Ki bi wannan tsari mako shida zuwa takwas, a sake awo. In har yanzu TSH yana sama, to ƙarin ya halatta.

Tambaya: Matata tiroyid ɗinta ne ya yi ƙarfi, ta rame ƙwarai, ga maƙoƙo. An ba ta Néo-Mercazole, yanzu ta mayar da jiki har ta wuce yadda take a da. Tana so ta daina. Daga wani magidanci a Yamai.

Amsa: Alhaji, ramar da ta yi a da ciwo ne, mayar da jikin kuma alamar magani yana aiki. Sai dai ku lura: lokacin ciwon ta saba cin abinci da yawa saboda yunwar da yake sawa, in ba a rage kwano ba yanzu, ƙiba za ta zarce. Yana kuma yiwuwa maganin ya danne tiroyid ɗin fiye da kima, awon T4, wato sinadarin da tiroyid ke fitarwa, da na TSH ne zai nuna, a rage mata adadi. Ana shan wannan magani wata 12 zuwa 18 a galibi, yanke shi a tsakiya yana dawo da ciwon. Lokacin da ake dakatar da shi nan take ba tare da jira ba shi ne in zazzaɓi ya zo mata da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ko idonta ya yi rawaya. A ranar ku kai ta asibiti a auna fararen ƙwayoyin jininta da hanta, kada a tsaya ana cewa masassarar cizon sauro ce.