Hukuncin kallon fim ɗin batsa da aka yanke wuraren tsiraicinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kai wayata shagon masu tura fina-finai, sai yaron ya zuba min wani fim na 'yan fashin teku. Ban yi nisa ba na gane na masu batsa ne da suka kwaikwayi wani sanannen fim, sai dai an yanke wuraren saduwa. Abokina ya ce a Amurka har a jami'o'i an nuna irinsa, don haka ba komai. Ya halatta in ƙarasa shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bai halatta ba, ɗan'uwa. Abin da ka gani kafin ka gane ba ka da laifi a kansa, domin Jarir bn Abdullah ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da kallon ba-zata, sai ya umarce shi ya kawar da kai, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Amma tunda ka gane, sai ka goge shi.

Ba zan kama sunan fim ɗin ba, don kada amsata ta zama talla. Wani kamfanin batsa na Amurka ya fitar da shi a 2005, ya kashe masa kusan dala miliyan 1, ga jiragen ruwa, ga takubba, ga kiɗa, har mai gani ya ɗauka na Hollywood ne. A 2006 aka fitar da yankakken don ya shiga shagunan haya na kowa da kowa. Wannan yankan shi ne tarkon. 'Yan wasan su ne dai na asali, shigarsu ta tsiraici tana nan, kalamansu suna nan, kuma kowane zance yana jan mai kallo ne zuwa wurin da aka datse. Wanda ya kai bakin nan, zuciyarsa za ta raya masa ya nemo cikakken, ga shi kuwa a cikin aljihunsa. Malamanmu na Malikiyya suna kiran wannan toshe kafar ɓarna. Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 32, kada ku kusanci zina. Kusantar ma ya hana. A Suratun Nur, aya ta 30, ya umarci muminai su runtse idanunsu, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa zinar ido ita ce kallo.

Hujjar abokinka kuwa ba ta tsaya ba. Karɓuwar abu wurin jama'a ba ta halatta shi, balle ma su kansu ba su haɗu a kai ba: a 2009 da aka shirya nuna kashi na biyu a Jami'ar Maryland, wani ɗan majalisar jihar ya yi barazanar hana ta kuɗi, hukumar jami'ar ta soke nunin.

Wanda ya fi damuna shi ne yaron shagon. Yara 'yan shekara 13 suna miƙa masa waya da ɗan kuɗinsu, shi kuma ya cika musu katin ajiya ba tare da ya duba abin da yake turawa ba. Kuɗin da ya karɓa a kan irin wannan fim haramun ne, kuma ya ji tsoron aya ta 19 ta Suratun Nur a kan masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Ka koma ka same shi shi kaɗai, ka gaya masa da taushi ya share shi daga kwamfutarsa.

Wallahu a'alam.