Tambaya da Amsa: Fakin a Bakin Kasuwa, Tudun Rage Gudu da Hanyar Masu Ƙafa

Tambayoyin wannan karon daga Kebbi da Zamfara suka zo, kuma injiniyoyin hanya da masu tsara birane da ke taimaka wa wannan fili ne suka amsa su.

Tambaya: Ina cikin kwamitin 'yan kasuwa a Jega. Ranar kasuwa motoci da Keke Napep da 'yan kabu-kabu sukan toshe bakin titi har mai baro ya rasa ta inda zai bi. Mun samu fuloti mai ƙafa 50 a 100 kusa da ƙofa. In mun mai da shi wurin fakin, matsalar ta ƙare ke nan?

Amsa: Alhaji, kafin ku zuba ko tifa ɗaya ta marmara, ku fara da ƙirga. Ku samu samari huɗu da littafi da biro, ku raba musu bakin titin gida-gida. Kowane rabin awa, daga ƙarfe bakwai na safe zuwa magariba, kowa ya zagaya ɓangarensa ya rubuta lambar duk abin hawan da ya tarar a tsaye da kuma irinsa. A yi haka ranar kasuwa biyu da ranar da ba ta kasuwa ba guda ɗaya. Lambar da ta fito sau ɗaya ta mai saye ce ko mai sauke fasinja. Wadda ta fito sau goma sha, wannan motar mai shago ce. Sau da yawa a nan ake jin kunya, domin sai a tarar masu kukan cunkoson su ne suka kame wuri mafi kyau tun safe, mai saye kuma yana ta zagaye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba: motar da za ta wuni ta koma nesa, bakin ƙofa a bar wa mai minti ashirin.

Sai maganar fulotin. Ƙafa 50 a 100 kusan mita 15 ne a 30. Mota ɗaya tana buƙatar mita biyu da rabi a faɗi, mita biyar a tsawo, sannan hanyar tsakiya da za ta juya ta fita tana cin mita shida. Layi biyu masu fuskantar juna ke nan mita 16 suke so, ku kuwa 15 gare ku. Kada ku matse hanyar tsakiyar don cike wannan mita ɗayar, nan ne ake gogar juna, daga nan sai cacar baki. Abin da ya fi shi ne layin motoci ɗaya, zai ɗauki goma sha biyu. Mita huɗun da suka rage a raba su: biyu na babura, kowanne mita ɗaya a faɗi, wato kusan talatin, biyu kuma na masu tafiya a ƙafa. Mashiga daban, mafita daban in hali ya yi.

Kun ga fuloti ɗaya ba zai haɗiye cunkoson kasuwa kamar ta Jega ba, wadda ke kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri. Manyan motocin albasa da shinkafa ba fili suke buƙata ba kamar lokaci. A yanka musu sa'o'in lodi da sauke kaya, misali daga asuba zuwa takwas na safe, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da 'yan kamasho da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da sarkin kasuwa da 'yan dako a tabarma ɗaya. Doka in ba su suka yanka ta ba, mako biyu ya yi mata yawa.

Masu Keke Napep da kabu-kabu kada ku kai su bayan kasuwa. Abincinsu a bakin ƙofa yake, kuma ko an kore su da safe za su dawo da hantsi. A ba su matsaya mai ɗaukar keke biyar ko shida a jere, kowanne mita uku, a nisan da bai gaza mita 15 daga mahaɗar hanya ba, sauran su jira a baya ana kiran layi. Ku gwada tsarin wata ɗaya da farar ƙasa da tsofaffin tayoyi kafin ku sayi siminti. Layin da aka ja da farar ƙasa ana share shi a sake wani. Wanda aka gina da bulo sai an sa guduma.

Tambaya: Ni malama ce a wata Islamiyya a Gusau. Bayan babur ya buge wani yaro, samarin unguwa sun gina tudu da siminti a kan titi. Yanzu motoci suna kaucewa ta gefe, ta inda yara ke bi. Ina mafita?

Amsa: Malama, Allah ya ba yaron lafiya. Niyyar samarin mai kyau ce, ginin ne ya zo da matsala. Tudun da ake yi a unguwa yawanci gajere ne mai tsini, kamar kunyar dawa. Yana dukan ƙasan mota da salansa, yana kayar da mai babur da dare, shi ya sa direba ke gudunsa ya sauka gefe. Tudun rage gudu na ƙa'ida tsayinsa santimita bakwai da rabi ne zuwa goma, amma shimfiɗarsa a kan titi takan kai kusan mita uku da rabi, ta yadda mota za ta hau ta sauka a hankali. A gaban makaranta ma wanda ya fi shi ne mai shimfiɗaɗɗen sama, wanda yara ke tsallakawa a kansa, da zanen fari.

Abu uku ake yawan mantawa. A toshe gefe da gefe da ginshiƙan kankare ko duwatsu masu fenti, in ba haka ba an tura haɗarin ne kan yara. A bar ƙaramar kafa ta ruwa a kowane gefe, domin ruwan da ya kwanta a gindin tudu shi ke cinye kwalta a damina ɗaya. A kuma sa alama da fenti mai ƙyalli tun daga nesa. Tudu ɗaya tilo ba ya isa: direba yana wuce shi yake taka mai. A sa ɗaya kafin ƙofar makaranta, ɗaya bayanta.

Dalilin duk wannan lissafi ne. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 27 kafin ta tsaya, daga ganin yaro zuwa tsayawarta cik. A gudun 30, kusan mita 13 ne. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar 30 a inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa zuwa ma'aikatar ayyuka, ku aika kwafi ga ZAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Zamfara, da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC. In titin na tarayya ne, izini na wurin ofishin ma'aikatar ayyuka ta tarayya da ke jihar.

Tambaya: Tun da man fetur ya yi tsada a 2023 na koma keke zuwa aiki a Birnin Kebbi. Babu inda zan ɗaure shi sai jikin bishiya.

Amsa: Wannan aikin mai walda ne na yini ɗaya. Bututun ƙarfe mai inci biyu, a lanƙwasa shi kamar ƙofa, tsayi santimita 75, faɗi kusan 70, a binne ƙafafunsa santimita 30 cikin kankare. Tsakanin ɗaya da ɗaya mita guda, kowanne na ɗaukar keke biyu. A kafa shi a inuwa, inda mai gadi ke gani. Ku guji irin wanda ke kama tayar gaba kawai: yana lanƙwasa gargare, ɓarawo kuma ya kwance tayar ya tafi da sauran.

Tambaya: Ina sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma a Kebbi. Mukan gina hanyar masu ƙafa, bayan wata uku 'yan tebur sun cinye ta. Yaya sauran garuruwa suke yi?

Amsa: Malam, tambayarka ta ƙarshe ita ce maganin, kuma amsarta tana wurin takwarorinka. Ƙananan hukumomi 21 ne a Kebbi, 14 a Zamfara, kusan kowacce tana maimaita kuskuren maƙwabciyarta saboda babu mai rubuta abin da ya gwada.

Game da hanyar kanta: in faɗinta mita ɗaya da rabi ne, tebur ɗaya ya gama da ita. A yi ta gida biyu, mita biyu na tafiya zalla, sai wani zirin mita ɗaya da rabi na masu tebur, da layin fenti a tsakani, shugabansu kuma shi ke tsare layin. Murfin kwata ya zama daidai da doron hanya, kuma duk wanda ya karye a canza shi a makon, domin rami ɗaya ya isa ya mai da tsofaffi da masu keken guragu kan kwalta. Inuwa ma ba ado ba ce a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Dogon yaro yana yi, sai dai a ba shi rami mai faɗi nesa da kwata, in ba haka ba saiwarsa za ta ɗaga daɓen.

Sai ku samu zama duk wata uku, ku injiniyoyi da masu tsara birane da jami'an VIO da na FRSC da ƙungiyoyin direbobi. Kada a yi shi a ɗakin taro. A je wurin da aka yi aiki da tef ɗin awo, a tsaya awa ɗaya ana kallon yadda mutane ke bi. Kowane aiki a rubuta shi a shafi ɗaya: awon da aka yi, kuɗin da ya ci, hoto kafin da bayan, da abin da ya lalace bayan damina. Shafin abin da ya lalace ya fi amfani, shi kuma aka fi ɓoyewa don kada a ce wane ya gaza. Rassan ƙungiyar injiniyoyi ta NSE da ta masu tsara birane ta NITP za su iya ɗaukar nauyin kiran zaman. A ajiye takardun a fayil ɗin ofis, ba a wayar mutum ɗaya ba, saboda ranar da aka yi masa canjin wurin aiki da su zai tafi.