Tambaya da Amsa: Ina tsofaffin mujallun binciken laifi na Amurka suka shige?

TAMBAYA: Salam Malam, na ga hotunan wasu tsofaffin mujallun Amurka a intanet, kowanne bango mutum ne da malafa da bindiga ga mace tana ihu, wai sunansu pulp. Meye ma'anarsa, kuma ya aka yi suka ɓace? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Ai sunan na takardar ne, wata takarda ce mai arha da ake yi da markaɗaɗɗen itace, ga kaushi, ko gefenta ba a datsewa, tana kwana biyu za ta yi ruwan ɗorawa ta fara marmashewa a hannu. Bangon kawai ake kashe wa kuɗi don shi ke jan mai saye.

Wani mai buga mujallu, Frank Munsey, shi ne ya fara da mujallar Argosy a 1896, sai a 1915 kamfanin Street & Smith ya fito da Detective Story Magazine, zallar labarin laifi. Amma in kin tambaye ni, uwa ma ba da mama ita ce Black Mask ta 1920, abin dariyar ma waɗanda suka kafa ta, Mencken da Nathan, ba wai tana gabansu ba ne, kuɗin riƙe ɗayar mujallarsu ta 'yan boko The Smart Set suke nema, ba a jima ba suka sayar abinsu. To a Black Mask ɗin ne marubuci Dashiell Hammett ya yi suna, shi kuwa ya taɓa aikin bincike a kamfanin masu binciken laifi na Pinkerton ya san kan abin, jaruminsa ba ya zama a falo yana lissafi, titi yake shiga ya sha duka ya rama. Raymond Chandler ma nan ya fara a 1933 yana shekara 45, bayan an sallame shi daga kamfanin mai. Marubutan fa sun ji jiki, yawanci kalma ɗaya santi ɗaya (ɗaya bisa ɗari na dala) ake biya, in ba ka zuba rubutu ba ba ka ci ba.

Mutuwarsu kuma taron dangi aka yi musu, takarda ta yi wuya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ga ƙananan littattafan Pocket Books na santi 25 tun 1939, talabijin ta zo ta ƙarasa. Black Mask ta rufe a 1951, waɗanda suka rage yanzu masu tara kayan tarihi ke adana su cikin leda kar iska ta cinye su.