Me ya sa jakar .svn ke cinye wuri a kwamfutata?

Malam, ka ce aikin da ka sauko da shi ta Subversion (manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli) ya kusan ninka girmansa. Jakar .svn/pristine ce sanadi. A can Subversion ke ajiye kwafin asali na kowane fayil, don ka ga abin da ka canza, ko ka mayar da fayil yadda yake, ko babu intanet. Kada ka kuskura ka goge ta da hannu, aikin zai lalace.

Daga sigar 1.10 ta Subversion, umarnin svn cleanup --vacuum-pristines yana share tsofaffin kwafin da ba a buƙata. Manyan jakunkunan da ba ka taɓawa kuwa, cire su da svn update --set-depth exclude. In dubawa kawai za ka yi, svn export, wanda ke sauko da fayilolin ba tare da jakar .svn ba, ya ishe ka.