Kuɗi kina turawa, amma wa ke ɗebo wa Inna ruwa?

Wata 'yar'uwa da ke aikatau a Jidda ta rubuto min, ta bar 'ya'ya uku wajen mahaifiyarta a ƙauye can Jigawa, duk wata tana turo kuɗi, igamarta, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ta ƙare, yanzu ƙaninta ya ce tsohuwa ta rame kuma ta daina fita biki da suna. Wai ta kwaso yaran ne ta hanyar Umara?

Toh 'yar'uwa, dan Allah kar ki fara. Bizar Umara ba ta zama ba ce, in ta ƙare yaran sun zama marasa takarda, makaranta da asibiti duk su gagare su, ƙarshenta tarhil, wato a kama su a mayar da su gida. Ke ma ki matsa wa kafilinki, wato wanda ya ɗauke ki aiki, ya sabunta igamar nan, nauyinsa ne, kuma sai da ita za ki samu bizar fita da dawowa ki je ki gano gida. In ya ƙi, akwai ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya nan Jidda.

Amma wallahi abin da ya fi damuna Inna ce. Iyayenmu mata ba sa cewa sun gaji, kara da kunya ba za su bari ba, ko kin kira sai dai ki ji "lafiya lau, yaran suna nan ƙalau", alhali ita ke tashi da asuba ta hura wuta, ita ke kwana zaune in ƙaramin ya yi zazzaɓi, ga ciwon gwiwa ga surutun maƙwabta wai 'yarta ta zubar mata da yara ta tafi neman riyal. Sa'anninta suna zumunci ita tana ɗaure a gida da goyo, wannan kaɗaicin shi ke ramar da mutum.

Cikin abin da kike turawa ki ware na wata 'yar'uwa ko maƙwabciya mai amana da za ta riƙa girki da wanki, a kuma biya mai garuwa. Ki ware wa Inna nata daban, na goro da gudummawar biki, kar ya bi ta hannun kowa. A kai ta a auna jininta. In kin kira kuma kar ki ce "ba ni yaran" daga gaisuwa, ki zauna ki ji ta tukunna.

Uban yaran fa, yana ina? Ciyarwa haƙƙinsa ne, a samu manya su zaunar da shi, ko dangin nasa su ɗauki babban lokacin hutun makaranta.